Me ya sa muke musu a kan kyau? Amsar Imanuwel Kant

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce yayanka ya sayo hula mai ɗinkin hannu yana ta yabon kyanta, kai kuwa ka ce aikin ya yi mata yawa har ido ba ya samun wurin hutawa. Musu ya yi tsawo, sai mahaifiyarku ta raba ku da cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Maganarta ta kashe musun, amma ranka bai kwanta ba, domin kana ji a jikinka cewa ɗayanku ya fi ɗaya gaskiya. Sannan ka ji an ce wani masanin falsafa Bajamushe mai suna Kant ya yi rubutu a kan wannan, kana so ka san me ya ce.

Na daɗe ina karantar da wannan babi, kuma abin da ya hana ranka kwanciya shi ne ainihin inda Kant ya fara.

An haifi Imanuwel Kant a 1724 a birnin Konigsbag na ƙasar Furusiya, wanda yau ake kira Kaliningrad a ƙarƙashin Rasha, a can kuma ya rasu a 1804. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka kayan doki. Manyan littattafansa uku ne. Na 1781 ya yi bincike a kan abin da hankali zai iya sani, na 1788 a kan abin da ya wajaba mutum ya aikata, na 1790 kuwa, wanda ya fito yana da shekara 66, a kan ƙarfin yanke hukunci. Rabin farko na wannan na ukun shi ne maganar kyau da fasaha. Kalmar da ya yi amfani da ita a Jamusanci tana nufin ɗanɗano, irin na harshe, amma Turawa sun ari kalmar suna nufin iya gane kyau. Mu mukan ce wane yana da ido, ko ya san kaya. Duk inda na ce ɗanɗano a nan, wannan idon nake nufi.

Abu na farko da Kant ya yi shi ne raba abubuwa uku da ke faranta wa mutum rai: mai daɗi, mai kyau, da nagari. Hausa ta riga ta raba na farko da sauran, domin muna da daɗi muna da kyau. Amma na biyu da na uku mun zuba su a ƙwarya ɗaya. Mukan ce fure yana da kyau, mu ce zumunci yana da kyau, mu ce kyan alkawari cikawa. Kalma ɗaya ce, aiki biyu take yi. Kyan alkawari nagarta ce, ana iya kawo dalilinta a bayyana. Kyan fure wani abu ne dabam, kuma shi Kant ke farauta.

Ya kawo misalin mutumin da ya ce giyar tsibirin Kanari tana da daɗi. In wani ya gyara masa ya ce, ka dai ce tana yi maka daɗi, zai amsa ba tare da jin zafi ba. Haka wanda yake son kiɗan busa da wanda yake son na tsirkiya, babu wanda zai tuhumi wani. Mayar da shi gida: in na ce na fi son miyar kuka kai ka ce ta kuɓewa, ba za mu kwana muna jayayya ba, don abincin wani gubar wani. Amma ka lura da abin da ya faru a tsakar gidanku. Yayanka bai ce hular ta yi masa ba. Cewa ya yi kyakkyawa ce, kamar kyan yana jikin hular, kamar launinta ko nauyinta. Kai ma ba ka ce ba irin taka ba ce, ka ce aikin ya yi yawa, kana jiran ya duba ya gani. Kowannenku yana magana da yawun kowa da kowa. Kant ya ce abin dariya ne mutum ya ce wannan gini ko wannan waƙa kyakkyawa ce a wurina. In a wurinka kaɗai ne, to daɗi take yi maka, kada ka kira ta kyakkyawa. Mai cewa abu yana da kyau yana neman yardar sauran mutane, har yakan ga laifinsu in sun ƙi, ya ce ba su da ido.

To daga ina ya samu wannan ikon? Nan ne maganar ta yi nauyi, domin Kant ya yarda cewa hukuncin kyau daga ji yake fitowa, jin daɗin da mai kallo ya samu a ransa. Babu ma'aunin da za a aza a kan hula ya nuna kyanta kamar yadda sikeli ke nuna nauyin buhu. Kuma babu wanda zai iya tilasta maka da hujja. Ya ce ko da wani ya karanta masa waƙa, ya kawo masa sunayen manyan masu sharhi irin su Lesin da duk ƙa'idojin da suka shimfiɗa don ya nuna masa waƙar ta yi kyau, in bai ji kyan ba zai toshe kunnensa. Ya kwatanta da girki: a lissafa maka duk kayan haɗin miya, a gaya maka kowanne mai daɗi ne kuma mai amfani ga jiki, duk da haka sai ka ɗanɗana da harshenka. Saboda haka ne ma hukuncin kyau kullum a kan abu guda yake faɗawa, wannan furen da ke gabanka, wannan hular. In ka ce duk furanni suna da kyau, ka koma lissafi da tara bayanai, ka bar kallo.

Ga tsaka mai wuyar ke nan. Ji ne na mutum ɗaya, amma yana neman kowa ya ji haka. Ba a iya kafa masa hujja, amma ana musu a kansa, kuma musun ba na banza ba ne, don ba a musu sai inda ake sa ran a daidaita.

Mafitar Kant tana da ƙafa biyu. Ta farko ita ce cewa jin daɗin kyau ba ya rataye da buƙata. Ya ce a tambaye shi ko wata fada da ke gabansa tana da kyau. Yana iya cewa shi ba ya son abin da aka gina don kawai a saki baki ana kallo. Yana iya amsawa kamar wani shugaban 'yan asalin Amurka na ƙabilar Irokwa da aka kai Paris, ya ce babu abin da ya burge shi kamar gidajen sayar da abinci. Yana iya zagin girman kan sarakuna da ke ɓarnatar da gumin talakawa a kan abin da ba dole ba. Duk ana iya yarda da waɗannan, in ji shi, amma ba a amsa tambayar ba. Tambayar ita ce: kallon fadar kawai, ko taka ce ko ba taka ba, ko za ka kwana a ciki ko ba za ka kwana ba, yana faranta maka? Mai jin yunwa komai aka ba shi ci zai yi, sai yunwa ta kwanta ake gane wanda ya san abinci. Mu ma mun san so hana ganin laifi, shi ya sa ba a tambayar uwa ko ɗanta kyakkyawa ne. To in na bincika raina na ga ba kwaɗayi ne ya sa abin ya burge ni ba, ba riba ba, ba don na ɗan'uwana ne ba, ke nan babu wani dalili da ya keɓanta da ni. Abin da ya rage kuwa, ina da damar in zaci yana tare da kowane mutum.

Wanda ya karanta Ihya'u ta Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ba zai ga wannan baƙo ba. A babin soyayya ya ce ana son korayen tsirrai da ruwa mai gudu ba don a ci tsirran ko a sha ruwan ba, kallon kansa abin so ne. Kusan shekara ɗari bakwai ke tsakaninsu, kuma hanyoyinsu sun rabu daga baya, amma a wannan gaɓar sun tsaya wuri ɗaya.

Ƙafa ta biyu ta fi zurfi, ita ce kuma na fi ƙauna. A wurin Kant, duk lokacin da ka gane wani abu, ƙarfi biyu ne suka yi aiki a cikinka. Ɗaya yana tattara abin da ido ya ɗauko ya haɗa shi sura, ɗayan kuma, wato fahimta, yana ba surar suna: wannan tukunya ce, wannan akuya ce. A harkar yau da kullum aikin yakan ƙare nan take. Ka ga tukunya, ka san tukunya ce, ka wuce. Amma wani lokaci sai ka haɗu da abin da ya dace da fahimtarka ƙwarai, komai nasa kamar an ajiye shi inda ya kamata, amma babu sunan da zai rufe maganar. Sai ƙarfin nan biyu su shiga wasa da juna, ɗaya na jan ɗaya, ido ya tafi ya dawo ya sake tafiya, ba ka so ka ɗauke kai. Jin daɗin wannan wasan shi ne abin da muke kira kyau. Kant ya ce abu mai kyau yana da kamannin an yi shi da nufi, amma ba ka iya faɗin nufin. Kuma tun da kowane ɗan'adam mai hankali yana da waɗannan ƙarfi biyu, in ba haka ba da ba mu iya fahimtar juna ko a cinikin gishiri, to abin da ya tayar da wasan a cikina ya kamata ya tayar da shi a cikinka.

Na taɓa tsayawa wurin wani dattijo mai sayar da huluna a kasuwa, wani saurayi ya kawo masa hula yana so a kimanta masa. Dattijon ya fara juya ta ciki waje, ya bi bayan ɗinkin da babban yatsa, ya ja zare ɗaya da farce ya ga ko zai saki, ya faɗi kuɗin da za ta yi. Wannan duk sani ne, yana da ƙa'ida, yana iya koya wa yaronsa. Daga nan sai ya mayar da ita daidai, ya aza ta a kan gwiwarsa, ya ja baya kaɗan, ya yi shiru yana juya ta a hankali. Zanen shuɗi ne a kan fari, da ɗan ratsin ruwan ƙasa da ke ɓullowa ya ɓace. Can sai ya ce, wanda ya yi wannan yana da hannu. Saurayin ya tambaye shi me ya gani. Ya nuna wurin da yatsa kawai ya ce, duba nan. Bai ƙara ko kalma ba. Duk lokacin da zan karantar da wannan babi sai na tuna shi, domin a cikin minti biyu ya yi hukunci iri biyun da Kant ya ɓata shafuka yana rarrabewa, kuma a na biyun abin da ya rage masa shi ne nuni. Bai ce ra'ayina ne ba. Yana da yaƙinin cewa in saurayin ya duba da kyau zai gani.

Kant ya kuma raba kyau gida biyu, kuma wannan ya shafi musunku kai tsaye. Akwai kyau sakakke, wanda ba ya buƙatar ka san abin na mene ne: fure, aku, tsuntsaye masu ado, ƙwanson halittun teku, zanen ganye da ake yi a gefen bango, kiɗan da babu waƙa a kansa. Masanin tsirrai ya san aikin fure a jikin shuka, amma lokacin da yake jin kyansa ajiye ilmin yake yi. Akwai kuma kyau mai jingina, wanda sai ka san abin da ake so abin ya zama: kyan mutum, kyan doki, kyan wurin ibada ko fada. Adon da zai yi kyau a kan takarda yana iya ɓata fuskar mutum ko ɗakin ibada. Karin maganarmu na kyan ɗa ya gaji ubansa a wannan gidan yake, haka kuma bayanin Gazali cewa kyan kowane abu shi ne ya cika kamalar da ta dace da irinsa, doki da abin da ake so ga doki, rubutu da daidaiton haruffa. Kant ya ce sau da yawa masu musu a kan kyau kowa yana da gaskiya, don ɗaya yana kallon abin da ke gaban idonsa, ɗaya yana kallon abin da ke cikin tunaninsa. Mai yiwuwa yayanka zanen yake kallo shi kaɗai, kai kuma kana kallon hula a matsayin abin da za a aza a kai a saman riga, inda yawan aiki zai iya danne fuskar mai ita.

A kan fasaha, maganarsa ita ce aikin gwani dole mu san mutum ne ya yi shi, amma ya zama kamar tsirowa ya yi, ba a ganin wahalar ƙa'ida a jikinsa. Mai yin irin wannan yana da baiwa, kuma baiwa ba a koyar da ita. Ya kwatanta Niyuton, masanin kimiyya na Ingila, da Homa, mawaƙin tsohuwar Girka. Niyuton, duk girman abin da ya gano, yana iya nuna wa ɗalibi kowane taki da ya taka har ɗalibin ya iso inda ya iso. Homa kuwa ba zai iya faɗin yadda baitoci suka haɗu a kansa ba, don shi ma bai sani ba. Amma Kant bai sakar wa baiwa linzami ba, ya ce ɗanɗano ne ke rage mata fiffike ya ladabtar da ita, in ba haka ba sai ta haifi shirme sabo fil. Ya kuma ba da labarin mai masaukin da ya ɓoye yaro a cikin kurmi yana busa kara, yana kwaikwayon wani tsuntsu mai zaƙin murya da ke kuka da dare. Baƙi suna ta jin daɗi, da aka gane yaro ne sai kowa ya ƙosa. Sautin bai canza ba, sanin inda ya fito ne ya canza.

Akwai kuma abin da ya ware daga kyau, wanda kalmarmu ta kwarjini ta fi kusa da shi: duwatsu masu rinjayowa kamar za su faɗo, teku in ya fusata, hadari mai tsawa. Ka tuna yadda gabas ke yin baƙi ƙirin a farkon damina, iska ta tsaya cak, kana bakin zaure kana kallo. Tsoro da jin daɗi a haɗe, muddin kana inda ba abin da zai same ka. Wannan babi ne mai zaman kansa, a nan na bar shi.

Yanzu ga inda nake tsayawa. Ina ganin Kant ya yi daidai a babban abu: cewa yana da kyau da cewa ya yi mini daɗi magana biyu ce, kuma wanda ya mayar da su ɗaya ya rufe ƙofar koyo. In kowa da nasa ne kawai, to babu gwani babu ɗan koyo, babu dalilin da zai sa mai zayyanar allo ya shekara goma yana gyara hannunsa, kuma babu wanda zai taɓa cewa da can ban gane ba, yanzu na gane. Alhali kowa ya taɓa faɗin haka. Kant kansa ya kawo misalin matashin mawaƙi da duk abokansa suka ce waƙarsa ba ta yi ba, ya ƙi ji, kuma ya yi daidai da ya ƙi, don ba a aron ido. Sai bayan ya goge, da kansa ya dawo ya ga abin da suke gani.

Amma akwai wurare biyu da nake ja da shi. Na farko, ya tsananta wajen raba kyau da buƙata. Yawancin kyawawan abubuwan da mutane suka ƙera a duniya abin amfani ne: tukunya, tabarma, sirdi, riga, ƙofar gida. Ajiye su duka a mataki na biyu, a ɗaga zanen bango da ba ya aikin komai, bai kwanta mini ba. Wani masanin zamantakewa Bafaranshe, Piya Burdiyo, ya fitar da littafi a 1979 yana nuna cewa wannan kallo na wanda ba ya buƙatar komai, kallon mai hali ne, wanda cikinsa ya cika kuma makaranta ta koya masa abin da ake yabo, sannan ya juyo yana raina zaɓin talaka. Akwai gaskiya a nan, ko da yake ban yarda ta rushe Kant gaba ɗaya ba, don dattijon nan mai huluna ba attajiri ba ne, kuma ya ja baya ya yi shiru.

Na biyun ya fi ciwo, kuma ba zan ɓoye maka shi ba. A wani ƙaramin littafi da ya fitar a 1764 a kan jin kyau da kwarjini, Kant ya rubuta cewa baƙaƙen Afirka a halittarsu ba su da wani ji da ya wuce na abin banza, ya jingina da maganar Hiyum, masanin falsafa na Sikotilan, wanda ya ce ba a taɓa ganin baƙar fata mai hazaƙa ba. Ya rubuta wannan bai taɓa fita daga yankinsu ba, daga labaran matafiya da 'yan cinikin bayi ya ɗebo. Alhali a Jamus ɗin kanta, Anton Wilhem Amo, wanda aka haifa a yankin Aksim na ƙasar Gana ta yau aka kai shi Turai yana yaro, ya sami digirin dakta a falsafa a jami'ar Witinbag a 1734, lokacin Kant yana ɗan shekara goma, ya kuma karantar a jami'o'in Halle da Yena. Maƙeran tagulla na Ife da Benin kuwa sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuba aikin da yau gidajen tarihin Turai ke riƙe da wani ɓangarensa. Raina yana ɓaci duk lokacin da na kai wannan shafi a aji, kuma ba na tsallake shi. Abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne ƙa'idarsa ta 1790 ita ce babbar mai ƙaryata shi. In hukuncin kyau yana neman yardar kowa saboda kowane mutum yana da ƙarfin nan biyu, to ko dai kowa ɗin ya haɗa da mai rini a Ƙofar Mata da mai zanen ƙwarya a ƙauye, ko kuwa ginin duka ya zube. Ba zai riƙe biyun a lokaci ɗaya ba.

Game da hular, mahaifiyarku ta yi abin da uwa ke yi, ta kashe wuta, kada ka koma mata da gardama. Amma in kun keɓe da yayanka, ka roƙe shi ya fito da ita waje da hantsi, inda haske yake da kyau. Ka fara tambayarsa, da ladabi, ko kuɗin da ya kashe ne ke magana, ka tambayi kanka ko akwai ɗan ƙyashi a taka maganar. Sannan ya aza ta a gwiwa ku kalle ta ita kaɗai, ya nuna maka da yatsa inda idonsa ke tsayawa, kai ma ka nuna masa inda naka ke gajiya. Bayan haka ya sa ta a kai tare da rigar da zai sa ta da ita, ya tsaya daga nesa kaɗan, ku sake dubawa.